Amin Ɗin Mama

Wata bakwai ke nan tun da aka kawo surukarta gidan, kuma a cikin watannin nan Malama ba ta kai addu'a ɗaya ƙarshe ba. Farawa kam tana farawa. Ƙarfe biyar na asuba za ta durƙusa a gefen gado ta ce, "Ya Uba na sama," amma kafin ta kai ga abin da ya kawo ta sai butar shayi ta fara kuka a kicin, ko ɗaya daga cikin 'yan biyunta ta farka tana neman safa, ko ta ji motsi daga ɗakin tsohuwa. Sai ta miƙe da sauran addu'ar a baki, ta ci gaba da ita guntu-guntu. Rabin magana a bakin famfo, rabi a kan teburin guga, wani rabin kuma a ƙofar banɗaki tana jiran yara su fito.

Mijinta direban babbar mota ne, sai bayan sati biyu ake ganinsa. Mutumin kirki ne, ba laifi, amma kirkinsa ta waya yake zuwa, ita kuwa waya ba ta ɗaga tsohuwa daga gado. Saboda haka aji huɗu mai yara talatin da takwas, da 'yan biyu masu shekara bakwai, da Mama, duk a wuyan mace ɗaya suke.

Mama kafin ciwo ba irin tsohuwar da ake mantawa da ita a ɗaki ba ce. Shekara talatin tana jan addu'ar mata a coci. In aka ba ta ta sa albarka a abinci, to a haƙura da cin shinkafa da zafinta, don sai ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Malama tana amarya tsohuwar ta taɓa jin ta tana addu'a a tsaye, jaka a kafaɗa, ta ce da ita, "'Yata, ke fa kin buɗe ƙofa kin yi gaba ba ki rufe ba. Ina amin ɗin?" Da dariya ta faɗa, amma maganar ta zauna wa Malama a rai har yau.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta zo ta kwashe mata hannun dama da ƙafar dama da duk maganar bakinta, ta bar mata kalma ɗaya tak: amin. Likita ya ce haka abin yake wani lokaci, kalmar da baki ya fi sabawa da ita ce ke saura, kada su ɗauka tana nufin wani abu da ita. Malama ta karɓi maganar likita hannu biyu. Gidan ƙarami ne, ƙofar ɗakin Mama kullum a buɗe, sai ka ji amin ta fito daga can ba gaira ba dalili, kana tsakiyar wanke kofi. 'Yan biyu har wasa suka mai da abin, su leƙa su ce, "Kaka, kina son shayi?" su tsaya jiran amin. Ba ta taɓa ba su ba, kallonsu kawai take yi.

Wata Talata ce ta fi kowace rana. Masu duba makarantu za su zo, littattafan yara ashirin ba ta gama dubawa ba, ga shi ta shiga ɗakin Mama ta tarar zanin gado ya jiƙe har katifa, a karo na biyu tun jiya. Ta juya tsohuwar gefe ɗaya, ta zare zanin, ta juya ta ɗaya gefen, bayanta na sara kamar ana buga mata ƙusa. Ba ta san lokacin da maganar ta fito ba.

"Ya Uba, na gaji. Ka ɗauke mini wannan..."

Sai ƙaurin madara ya taso daga kicin, ɗaya daga cikin yaran ta ƙwala mata kira. Ta saki zanin za ta ruga.

"Amin," in ji Mama.

"Kai, Mama! Ke dai komai amin!" Ta faɗa da zafi, ta fita. Ranar ko sallama ba ta yi mata ba, ta bar ta wa maƙwabciyar da ke zama da ita har a tashi makaranta.

Ranar Lahadi bayan sujada sai ga yayar mijinta, wadda kowa ke kira Yaya. Mace ce mai jiki da murya, 'ya'yanta duk sun girma sun watse, tana da shagon kayan ɗinki a gaban gidanta a can ɗaya gefen gari. Ta dubi Malama sama da ƙasa ta riƙe haɓa.

"Ƙanwata, kin ga wuyanki kuwa? Wannan ai kashe ki za mu yi muna kallo. Na yi magana da mijinki. Ki ba ni Mama sati biyu mu gwada. In ta zauna lafiya, shi ke nan, sai ta zauna wurina gaba ɗaya. Ke ma ki numfasa."

Malama ta yi 'yar gardamar da kunya ke sa mutum ya yi, amma a ranta cewa take, ashe ko guntuwar addu'a tana isa sama. Daɗi ta ji, ba ɓoye-ɓoye. Aka naɗe ledar gado da magunguna da Littafi Mai Tsarkin Mama wanda bangonsa ya saɓule, aka ɗora tsohuwar a kujerar baya ta mota. Ba ta yi gardama ba, ba ta kuma dubi kowa ba.

Washegari da asuba Malama ta durƙusa, kuma babu abin da ya tashe ta. Ta yi godiya, ta roƙi gafara, ta bi mijinta da hanyar da yake kai, ta bi 'yan biyu, ta bi 'yan ajinta har da sunan mai cizon biro. Ta ce, "A cikin sunan Yesu," sai ta yi shiru. Ta daɗe a haka, kunnenta a wajen ƙofa, kafin ta gane jira take yi. Ta ce amin ɗin da kanta. Ta fito mata a bushe, ta miƙe ta je ta ɗora ruwa.

Kwanakin suka yi sauƙi, wannan ba ƙarya. Ta fara isa makaranta kafin a buga ƙararrawa, har shugabar makaranta ta cire tabarau ta dube ta ta ce ko agogonta ne ya lalace. Ta gama duba littattafai, ta goge allo da kanta, ta ma samu lokacin cin abinci a zaune. Sai dai tsohon hali bai bar ta ba. Tana wanke kwanuka za ta ji bakinta ya ce, "Ya Uba, ka taimaki yarinyar nan da karatu, don uwarta..." sai ruwa ya ɗauke ko waya ta yi ƙara, maganar ta tsaya a nan. Da can ba ta taɓa jin nauyin irin wannan tsayawar ba. Yanzu kuwa sai ta ji abin yana rataye a kicin ɗin, tana yawo a ƙarƙashinsa, ta rasa dalili.

Rana ta goma, ana cikin hutun ƙarfe goma sha ɗaya, tana zaune a aji da jan biro a hannu, Yaya ta kira.

"Ƙanwata, wai me kike ba Mama ne a can? Nan cokali uku take ci ta kau da kai."

"Kin gwada sa mata shayin a ƙaramin kofi? Ba ta son babba."

"Na gwada duka. Ba ma abincin ne ya dame ni ba. Tun da ta zo gidan nan ba ta ce uffan ba."

"Ko amin ɗin?"

"Ko shi. Ke da kika ce tana damunku da shi? Ni ban ji ba ko sau ɗaya. Safe da yamma ina yi mata addu'a, jiya ma Fasto ya zo ya yi tasa mai tsawo, muka ce amin ɗinmu, ita tana kallon bango."

"Kuka ce amin ɗinku," in ji Malama a hankali.

"To da wa zai ce mana? Ai in mutum ya fara addu'a sai ya rufe abarsa."

Bayan sun yi sallama Malama ta ajiye wayar a kan rajista. Yara na ta ihu a fili, wani na buga ƙwallo a jikin bangon ajin, ita kuwa tana bin watanni bakwai ɗaya bayan ɗaya. Amin a lokacin da take bakin famfo. Amin tana guga, sa'ad da wuta ta ɗauke ta bar maganar a rabi. Amin ranar da take roƙa wa mijinta sauka lafiya aka buga ƙofa. Ta nemi rana ɗaya da kalmar ta fito ba tare da ita ta buɗe baki ta kira Uba ba, ta rasa. 'Yan biyu sun yi ta tambayar tsohuwar ko tana son shayi, ba su samu amin ba. Ashe ba ciwo ne ke magana ba. Mama tana kwance tana saurare, duk ƙofar da Malama ta buɗe ta ruga, ita ke bi tana rufewa.

Daɗin wannan bai kai minti ɗaya a ranta ba, sai Talatar nan ta faɗo mata. Zanin gado a hannu, fuskar Mama dab da tata. Ka ɗauke mini wannan. In tsohuwar tana jin duk sauran, to ta ji wannan ma, ta kuma san wace ce wannan ɗin. Ta ji matar ɗanta tana roƙon Allah ya raba ta da ita, ta ce amin. Shi ya sa aka sa ta a mota ba ta dubi kowa ba.

Kunya ta kama Malama irin wadda ba ta taɓa ji ba, har ta kifa kai a kan littattafan. Aka buga ƙararrawa, yara suka shigo da gumi da surutu, ta miƙe ta koya musu rabawa da ragowa kamar ba abin da ya faru. Me za ta yi? Aiki ba ya jiran mai kuka.

Da aka tashi ta bar 'yan biyu wurin maƙwabciya ta hau bas biyu zuwa gidan Yaya. A hanya ba ta yaudari kanta ba. Zanin gado zai ci gaba da jiƙewa, bayanta zai ci gaba da sara, shugabar makaranta za ta koma duban agogo. Ba ta zama wata mace dabam ba tsakanin safe da yamma, gajiyarta tana nan inda ta bar ta.

Yaya tana shago tana auna wa wata mata leshi, ta nuna mata ciki da haɓa. Ɗakin da aka sa Mama ya fi nasu girma da haske, zanin gado a goge, ga furen roba a kan tebur. Tsohuwar tana kwance ta ba ƙofa baya. Ta rame, gashinta ya cukurkuɗe ta ƙeya inda hannun Yaya bai kai ba.

"Mama, ina wuni? Ni ce."

Ba ta juyo ba. Malama ta ajiye jaka, ta ɗauko mataji, ta tashe ta zaune ta jingina ta da jikinta yadda ta saba. Ta fara taje gashin daga ƙasa, a hankali, don ta san inda yake mata zafi. Ta so ta ce ki gafarta mini, amma tsakaninta da surukarta ba a taɓa irin wannan maganar ba, kuma ta ga in ta faɗa ma tsohuwar ba ta da bakin amsawa. Hanya ɗaya ce kawai suke da ita su biyun.

Yaya ta leƙo da tef a wuya. "Kin ga abin da nake gaya miki? Haka take wuni."

"Yaya, ranar Asabar zan zo in ɗauke ta."

"Ke! Da wane ƙarfin?"

"Da wanda nake da shi. In kin yarda, ki riƙa zuwa mana Talata da Jumma'a ki kama mini wanka. Ni kaɗai ba zan iya ba, na gwada na gani."

Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, aka kira ta daga shago, ta tafi tana girgiza kai.

Malama ta ci gaba da tajewa. Ta yi maganar dab da kunnen tsohuwar, ba da ƙarfi ba, kamar yadda take yi a bakin famfo.

"Ya Uba, rannan ban gama maganata ba. Gajiyar nake so ka ɗauke mini, ita kuwa ka bar mini ita. Ranar Asabar za mu koma gida, ka ba ni..."

Babu madara a wuta, babu yaro mai kira, wayarta ma tana cikin jaka a kashe. Ita ce ta tsaya da kanta, mataji a hannu.

Tana jin Yaya a waje tana gardamar yadi da mai saye, tana jin numfashin Mama a ƙirjinta. Har ta fara tunanin ko ta makara, ko tsohuwar ta riga ta rufe nata lissafin da ita. Sai hannun hagu, mai lafiyar, ya taso a hankali ya lalubo wuyan hannunta ya riƙe. Leɓen ya yi ta motsi kafin kalmar ta samu hanya, ta fito a dishe saboda kwana goma ba a taɓa ta ba.

"Amin."