Shidda-a-Jeren Alfari

"Daga tsakiya, Yusha'u! Wa ya ce maka ana ɗaure kan inji daga baki?"

Muryar Alfari ce ta tsallako katanga ta same ni ina wanke kifi. Na ce ikon Allah, mutumin da jiya ko kunu ya kasa haɗiyewa, yau shi ke tsawa. Na yafa mayafi na shiga.

An fito da shi tsakar gida bisa tabarma, an tokare shi da matasai. Ciwon hanta ya cinye shi, sai idanu. Gabansa tsohuwar mota ce Lankuruza, ɗansa Yusha'u ya duƙa cikin injinta da kilen ɗaure ƙusa a hannu, gumi na ɗiga. Yusha'u direban kamyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Kotonu, ya zo don ya kai uban likita Doso. Uban ya rantse ba ya fita gidan nan sai ya ji injin nan ya tashi.

"Fadima, zo ki ga abin kunya," in ji Alfari. "Ɗan da na haifa bai san ƙusoshin tsakiya ake fara ɗaurewa ba, a bi su hagu da dama har baki. In ba haka ba ƙarfen ya karkace."

Na ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Kana fama da rai, kana fama da ƙarfe?"

Mun tsufa muna maƙwabtaka, na kuma zage shi ya fi a ƙirga saboda baƙin man da ke malalowa ƙofata. Amma gaskiya ɗaya ce, duk Gaya babu mai hannunsa a gyaran inji. Inji iri ɗaya yake taɓawa, mai silinda shidda a jere. Kawo masa wani iri ya ce ka kai wa yara. Masu ɗauko mana kifi daga Tunuga, da damina kafin su iso kifin ya fara wari. Da ya taɓa motarsu, kifi kan iso yana motsi. Wannan na gabansa kuwa nasa ne na kansa, shekara da shekaru yana lallaɓa shi. Ya faɗaɗa ramukan fistan, ya goge hanyoyin iska da hannu har suna ƙyalli, ya samo masa turbo daga wani mataccen kamyo. Saura haɗawa ciwo ya kwantar da shi.

Yusha'u ya biyo ni zaure. "Inna, ki sa baki mana. Kullum raguwa yake."

Na ce, "Ɗana, na ga irin idon nan a fuskar marigayi mijina. Doso ba ta da abin da za ta yi masa. Koma ka ɗaure masa abinsa."

Ya share hawaye da bayan hannu, ya bar baƙin mai a kumatu, ya koma.

Ranar da aka gama, da la'asar, Yusha'u ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya mutu. Na waiwayi Alfari, don numfashinsa ranar sama-sama yake.

"Iska ce cikin bututun man gazuwal," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Sassauta bututun."

Aka sassauta, kumfa ta fita, aka ɗaure. Yusha'u ya yi bisimilla ya sake murɗawa. Wayyo, sai ga shi ya tashi! Ban san sa'ad da na rangaɗa guɗa ba, ni tsohuwa.

Alfari ya ɗaga hannu. "Bai yi ba tukuna. Fadima, zubo shayi."

Na cika finjali, ya sa aka ɗora bisa kan injin. Shayin na ta rawa.

"Yusha'u, juya ƙusar famfon mai kaɗan. Kaɗan na ce, ba tuƙin tuwo ba!"

Muna kallo rawar ta ragu, ta ragu, har shayin ya kwanta lumui kamar a ƙasa aka ajiye shi, inji kuwa yana ta aiki.

"Haka shidda yake in an yi masa adalci," in ji Alfari. "To, taka shi sau ɗaya in ji."

Yusha'u ya taka. Gidan ya ɗauka, turbo ya yi fito, kajina suka haye katanga. Alfari ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya ji daɗi kamar haka ba, ni ma kuka nake.

Washegari da hantsi ya cika, Yusha'u na riƙe da kansa. Allah ya jiƙan Alfari.

Direbobi suka cika unguwa, har daga Malanbil da Kamba. Bayan an yi masa salla suka ce a motarsa za a kai shi. Aka sa makarar a baya, Yusha'u ya shiga gaba.

Mu mata iyakarmu bakin zaure. Daga nan na tsaya ina kallon motar da babu mai kamo ta a Gaya tana tafiya a giyar farko, a hankali, daidai da takun tsofaffin da ke biye da ita, har ta karya kwana wajen masallaci.