Hoton Duhun Hamma Tasi'u

Faɗanmu na ƙarshe da Hamma Tasi'u a kan minti ashirin ne.

Shi ne yayana, malamin kimiyya a wata sakandare a Dutse. Shekara biyu ya yi yana rubuta wasiƙu kafin wata ƙungiyar masu nazarin taurari ta sa makarantarsu cikin masu amfani da madubinta na hangen nesa. Madubin yana kan wani tsauni a Ostireliya, da kyamara a jikinsa. Makarantu daga ƙasashe da yawa ne suke karɓa-karɓa ta intanet. In lokacinka ya zo ka juya shi daga inda kake zaune, ka ɗauki hoto, in ya ƙare ya koma hannun wani. Ranarmu darensu ce, don haka ƙarfe biyu na rana a shagon intanet na Lado, ana gumi janareto na ƙara, can taurari sun cika sama.

Lokaci biyu aka ba shi a shekarar 2004: minti ashirin na gwaji a cikin azumi, sai minti arba'in na ainihin aiki bayan Sallah. Ranar gwajin na bi shi. Na gama karatu ke nan, ba aiki, cikina cike da haushin garin nan da mutanensa masu son zama. Na tsaya a bayansa ina jiran taurari. Hoto uku suka sauko, kowanne baƙi ƙirin.

Na ce, "Hamma, ina taurarin?"

"Ba su zo ba tukuna. Yau duhu na ɗauka."

"Duhu? Duhun da NEPA ke raba mana kullum, shi ka je nema har Ostireliya?"

Lado ya fashe da dariya. Ya ce, "Malam, da ka faɗa min ai da na kashe janareto, ka ɗauki iya son ranka."

Hamma ma ya yi murmushi, ya jawo kujera. "Zauna in nuna maka."

Ban zauna ba. Na ce wannan ita ce cutarmu. A ba mu dama sau ɗaya a rayuwa, mu ɓata ta wajen shiri. Shiri yau, shiri gobe, har mutum ya mutu bai yi komai ba. Haka na ce masa, da azumi a bakina, a gaban mutane. Na fita. Da aka sha ruwa a gida ban ci kwano ɗaya da shi ba, Inna tana kallonmu. Ranar Sallah mun gaisa, gaisuwa kawai.

Kwana shida bayan Sallah yana dawowa daga Kiyawa a kan babur, ya kauce wa wani rami a titi, babbar mota ta same shi. Ramin nan kowa ya san shi. Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, amma ramin yana nan bayan sadakar bakwai, yana nan bayan wata guda, ana ta kauce masa ana wucewa.

A jakarsa na sami littafin da ya tsara aikin. Ya zaɓi ashirin da takwas ga Shawwal, don ba farin wata da zai dusashe sama. Ya zaɓi ƙarfe biyu, lokacin da Kaza da 'ya'yanta za su yi tsaka a saman tsaunin. Taurarin nan Baffanmu ya nuna mana muna yara a ruga, shi Daccuki yake ce musu da Fulatanci, da su yake lissafin lokacin tashi da shanu. Hamma ya so ya ɗauko siririn hayaƙin da ke kewaye da ɗaya daga cikinsu, wanda ido ba ya gani. Ya rubuta: a sanyaya kyamara zuwa digiri goma sha biyar ƙasa da sifili, a buɗe ta minti biyar daidai, sau shida. Shafi na ƙarshe an rubuta "Duhu" a samansa. Da na ga kalmar na rufe littafin.

Na ce ni zan yi aikin. Inna ta ce za ta zo. Ba ta taɓa shiga shagon intanet ba. Lado ya ajiye mata kujera a ɓangaren mata, sannan ya ɗage labulen da ya raba shagon don ta ga allon. Na bi lissafin Hamma ban canja komai ba. Madubin ya juya, kyamarar ta buɗe, muka jira minti biyar. Sai hoton ya fara saukowa daga sama, layi bayan layi, a hankali irin na intanet ɗin lokacin.

Tauraron ya fito, ga hayaƙin kewaye da shi kamar audugar da aka yi wa shiɓa. Lado ya ce, "Allahu Akbar." Hoton ya ci gaba da sauka. Da ya kai ƙasa, a kusurwar hagu, sai ga wani farin abu a tsaye. Sama siriri, ƙasa da faɗi, gefensa ya shige bayan iyakar hoton. Kamar mutum lulluɓe da farin ƙyalle ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

Na ce datti ne, zai tafi a na biyu. Bai tafi ba. Hoto shida, yana nan a wuri ɗaya. Lokacinmu ya ƙare, madubin ya koma hannun wata makaranta.

Inna ba ta ɗauke ido daga allon ba. Ta ce, "Mujahid, ka nemi gafararsa kafin ya tafi?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta gyara mayafi ta tashi.

Daga ranar ta daina cin abinci. Ruwa take sha, ta yi salla, ta zauna tana kallon ƙofar ɗakinsa. Labari ya zaga unguwa. Maƙwabcinmu Malam Barau ya zo har zaure yana girgiza kai, ya ce dama shi tun farko bai ga dalilin leƙa sama da na'urar Turawa ba. Na ce masa shekara nawa yana wucewa ta ramin hanyar Kiyawa bai taɓa girgiza kai ba? Ya tafi yana cewa yaran yanzu. Liman ya zo ya yi wa Inna nasiha, ya ce mamaci ba ya dawowa, yana inda Allah ya ajiye shi. Ta ce, "Na sani, Malam." Da ya fita ta ture kwanon.

Ni kuwa ihu nake a tsakar gida cewa matsalar na'ura ce, jahilci ne ke cinmu. Amma ban iya cewa wace matsala ba. Kuma ban faɗa wa kowa ba cewa kwafin da Lado ya buga min na kife shi a ƙarƙashin akwati, don ni ma ba na iya kallon kusurwar nan. Wani lokacin a madubin sai bayan wata huɗu. Inna ba za ta kai wata huɗu a haka ba.

Rana ta biyar da safe na buɗe shafin da na ƙi karantawa. Rubutunsa ne, ƙanana, a jere.

"Kyamara tana da nata hasken. Akwai wayoyi a gefenta da ke yin ɗumi in ta daɗe a buɗe, ɗumin yana fitowa a hoto kamar haske. A rufe murfinta, a ɗauki hoto da sanyi ɗaya da tsawon lokaci ɗaya da na ainihin aiki. Duk abin da ya fito a nan nata ne, ba na sama ba. Sai a cire shi. Na ɗauki uku ranar gwaji don kada a ci lokacin taurari. Suna ma'ajiyar ƙungiya da sunana."

A gefen shafin, da fensir: "A nuna wa Mujahid in ya huce."

Na ɗauki littafin na tashi.

Da hantsi na ɗauki Inna a bayan babur ɗin Lado. Ba ta yi gardama ba, ba ta da ƙarfin yi. Na shiga ma'ajiyar, ga sunansa, ga hotuna uku. Na sauko da na farko. Baƙi ne kamar yadda na gan shi a azumi. Na ƙara masa haske yadda littafin ya ce, abin da ban tsaya na gani ba a ranar. Ɗigo-ɗigo suka fito kamar an watsa gero. A kusurwar hagu farin abin ya taso, a tsaye, daidai yadda yake.

Lado ya ja kujerarsa baya.

Na ce, "Inna, wannan da murfi a rufe aka ɗauka. Ba sama a ciki, ba komai. Ɗumin na'urar ne."

"Yaushe?"

"Ashirin da huɗu ga azumi. Ga kwanan watan nan a jiki. Yana zaune a kujerar nan, ina tsaye a bayansa."

"Ranar da ka zage shi."

"Ranar, Inna."

Na haɗa ukun, na cire su daga hoton taurarin. Allon ya ɗan tsaya, sannan hoton ya dawo. Tauraron yana nan, hayaƙin ya fito fiye da da, har wasu ƙananan taurari da ba mu gani ba. Kusurwar hagu babu kowa.

Na miƙa mata littafin na karanta mata rubutun fensirin. Ta sa yatsa a kai, ta ce in sake. Na sake.

Ta ce, "To bai tafi da fushi ba. Jira yake ka huce." Ta juya wajen Lado. "Ɗana, fitar min da shi a takarda."

"Mai taurarin, Inna?"

"Baƙin. Wanda ya ɗauka da hannunsa."

Lado ya ce, "Inna, za ki shanye min tawadar wata guda." Ya buga. Takardar ta fito a jiƙe, ta riƙe ta ta gefe tana hura mata iska.

A gida ta ce a dama mata fura. Ta sha rabin ƙwarya, ta huta, ta shanye sauran. Baƙar takardar tana cikin kwallarta har yau, tsakanin zannuwa.

Mai taurarin ni na riƙe. Makarantar ta manna kwafi a ɗakin gwaji da sunansa a ƙasa, duk wanda ya gani sai ya ce ya yi kyau, tas, ba tabo ko ɗaya. Nawa yana bangon ɗakina. Na san abin da ke kusurwar nan ɗumin waya ne, zan iya koya wa aji guda, kuma na koyar. Amma duk sanda na shigo, idona ba ya zuwa kan tauraron. Ƙasa yake sauka, hagu, inda na share.