Ranar da Aka Nemi Uban Saje Bawa

Da aka gama yaƙin Bama aka sallamo sojoji, gwamnati ta ce duk tsohon sojan da ke son sana'a ya zo a koya masa kyauta. Yawancin abokan Saje Bawa suka ce sun gaji da "yi kaza, bar kaza", suka kama gadi da masinja. Shi kuwa ya tafi Kaduna ya zauna a benci kamar ɗan makaranta, ya koyi haɗa wayar lantarki. Ya koma garinsu da sana'a a hannu, alhali garin ko fitilar titi babu. Aka yi ta yi masa dariya, wai ya sayi linzami bai da doki.

Aikin Hajji ne ya kawo shi Jidda ta hanyar Sudan, shi da matarsa Dela, suka kama ɗaki a unguwar Ammariyya. Ya tarar ana ta sa wutar lantarki gida-gida, ma'aikata sun yi kaɗan. Ya ce kakarsa ta yanke saƙa. Ashe da sauran rina a kaba. Tsofaffin gidajen Jidda da dutsen teku aka gina su, mai saurin marmashewa, in ka buga ƙusa yadda aka koya maka a Kaduna sai bango ya zubo maka a ƙafa. Kuma ba mai ba ka aikin gidansa sai ka yi zaman koyo a hannun mu'allim, wato gwanin da 'yan sana'a suka yarda da shi.

Wanda ya karɓe shi Abdulghani ne, Bahaushe haifaffen Jidda, gajere mai kaifin baki, Hausarsa rabi Larabci. Lokacin da Bawa ke dajin Bama, shi ko gemu bai fara ba. To ga mutumin da ya saba tsawata wa sojoji su ƙame, yau shi ne ke saɓe da tsani a lungunan Bab Makka ana ce masa "yalla", wato yi maza. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma Bawa bai iya ɓoye fushi ba. Kullum ya dawo gida yana huci, Dela ta ajiye masa tuwo ta ce wanda ya ɗauki bindigar Bature ba zai mutu don ya ɗauki tsanin Bahaushe ba.

Haka ya haɗiye, ya koya. Ya iya ƙwanƙwasa bango ya gane inda katako yake a ciki. Ya san yadda iskar teku ke cin mahaɗar waya in ba a naɗe ta da kyau ba. Abdulghani dai bai rage masa faɗa ba ko sau ɗaya, amma bai ɓoye masa komai na sana'ar ba, har ran da ya ce lokaci ya yi da za a kai shi gaban shehun 'yan lantarki a ɗaga shi mu'allim.

Sana'ar sabuwa ce, amma sun aro al'adar magina sukutum. Mai koyo zai zo da ubansa ko baffansa, uban ya roƙa masa, a yi Fatiha, yaron ya sumbaci kan uban ya zuba wa manya gahawa. Dela ta ba da shawara su roƙi tsoho Mahmudu mai shayi ya tsaya masa. Bawa ya ce shi ba ya aron uba kamar tabarma.

Bayan la'asar aka taru a wani shagon gahawa. Shehu Hamad, tsoho mai farin gemu, ya dubi Bawa, ya dubi bayansa, ya tambayi ina waliyyinsa. Bawa ya miƙe ƙyam, ƙirji a gaba, ya yi bayani da Larabcinsa mai gurɗe. Ya ce mahaifinsa ya rasu lokacin da shi Bawa yake bakin daga. Ya ce karatun nan ba kyauta aka ba shi ba, da kwana cikin ruwan sama da binne abokai ya biya, don haka shi ne waliyyin kansa.

Shehun ya gyaɗa kai cikin girmamawa, amma bai sauko ba. Ya ce ba don ado ake neman uba ba. In wata rana aikinka ya ƙona gidan mutane kana wani gari, dole a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wanda ba shi da mai tsaya masa, sai ya ci gaba da aiki ƙarƙashin wani.

 Bawa ya hango kansa da furfura fal yana bin wani da tsani har ƙarfinsa ya ƙare. Yana shirin juyawa ya fita da mutuncinsa, sai Abdulghani ya ture kujera ya tashi.

"Ya Shaikh, ni ne ubansa. In aikinsa ya ƙona gida, a zo ƙofata. Halas, magana ta ƙare."

Wurin ya ɗauki dariya, don uban ko kafaɗar ɗan bai kai ba. Shehun bai yi dariya ba. Ya tambayi Bawa ko ya yarda.

Bawa ya dubi ɗan gajeren nan da ya sha yi masa tsawa a gaban mutane, wanda yanzu ya ɗora gidansa da sunansa a kan aikin hannunsa. Bai taɓa jin wani ya girmama shi haka ba, ko a soja. Ya taka gabansa, ya sunkuya, sunkuyo mai nisa, ya sumbaci kan Abdulghani.

"Na yarda. Allah ya saka maka, Baba."

Dariyar ta ɗauke. Aka yi Fatiha, aka miƙa wa Bawa butar gahawa. Wani ya nuna masa shehun da ido, don shi ake fara zuba wa. Bawa ya gani sarai. Ya wuce shi, ya durƙusa gaban Abdulghani ya miƙa masa kofin farko da hannu biyu, domin a garinsu uba ake fara ba. Shehu Hamad ya naɗe hannuwansa ya jira nasa.