Kwalbar Clifford

A ƙauyenmu na Yorkshire, ƙungiyar masu furen tulif ta girmi kowa. Masaƙa ne suka kafa ta a ɗakin bayan mashaya, shi ya sa har yau ba a nuna fure sai a cikin kwalbar giya mai ruwan ƙasa. Saura tsofaffi 'yan kaɗan, cikinsu har da kakana Wilfred.

Bana ƙafafun Kaka suka gaza, za a mayar da shi gidan kula da tsofaffi, inda babu lambu. Yana da wani iri fari mai zanen ja da ya gada tun daga masaƙan, babu mai shi sai shi. Kawunan irin nan, masu kama da albasa, ba a sayar da su. Hannu da hannu ake miƙa su, kuma sai ga wanda ya taɓa nuna fure ranar baje koli. In ban nuna ba, irin ya bar gidanmu.

Ni kuwa ko gaisuwa nauyi take yi mini. Ranar baje kolin, na dai yanko furena ɗaya na kai zauren taro, na sa shi a kwalbar gilashin Mama mai ƙyalli, wai don in girmama shi.

Clifford, abokin hamayyar Kaka tun suna samari, ya leƙo ta saman tabarau.

"Wilf, wannan jikar taka biki ta zo ko baje koli?"

"Bar ta, tsohon banza. Kai da furanninka kamar kabejin da ya sha rana."

"Kabejin da ya kayar da kai bara ba."

Hilda mai alƙalanci ta dafa kafaɗata. "'Yar nan, ba zan iya duba shi a haka ba. Doka ce."

Aka duba ƙarƙashin tebura, aka leƙa kicin. Babu kwalbar giyar da ta rage, kuma mashayar ta daɗe da rufewa. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Kaka ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Sai Clifford ya ja tsaki, ya je gun furensa, wanda tun safe kowa ke cewa shi zai ci. Ya zare shi daga kwalbar, ya soke a aljihun kwat, ya miƙo mini kwalbar.

"Ungo, 'yar kurma. Ki gyara masa tsayuwa, kada ya langaɓe kamar kakanki."

"Clifford, ka fita daga gasar fa," in ji Hilda.

"Na gaji da ci. Kofunan sun cika mini gida."

Furena bai zo ko na uku ba. Amma da aka tashi, Kaka ya ɗora mini jakar takarda cike da kawunan irin a hannu a gaban kowa.

"Kada ki ba wancan ko ɗaya," ya ce.

Na dubi Clifford, na tattaro muryata. "Baba, in sun hayayyafa, zan kawo maka biyu."

"Ashe tana magana!" ya ce.