Abin da Ke Cikin Shayin Baba

Salma tana madafi tana murƙushe ƙwayar da bayan cokali, ta juya wa ƙofa baya kamar kullum, sai ta jiyo maƙwabci a zaure yana faɗa wa surukinta labari. Malam Ramalan ya yanke jiki ya faɗi a gonar albasarsa, an wuce da shi asibiti a Rano.

Ta yi tsaye da cokalin a hannu. Can ta kaɗe garin a cikin shayin ta juya, don hannu ya riga ya saba.

Surukin nata, Baba Ishiyaku, mutum ne mai ra'ayi, kuma duk garin Kibiya an san ra'ayin. Sukari guba ne, magi guba ne, ƙwayar asibiti kuwa ita ce uwar guba, ta kwantar da ciwo ɗaya ta tashi uku. Da likita ya ce masa yana da hawan jini, yana dawowa gida ya watsa maganin a masai, ya koma shan zogale da tafarnuwa. Ɗansa Muntari, mijin Salma, ya yi lallashi har ya gaji. Ranar da zai koma bakin aikinsa a Kano ya damƙa mata wani maganin a ɓoye.

"Ki riƙa sa masa a shayi. Tafarnuwa za ta danne ɗacin."

Ta kuwa danne. Ciwon kai ya tafi, jiri ya tafi, Baba ya koma hawa kekensa har Fassi. Daga nan fa baki ya buɗe. A majalisa, a ƙofar masallaci, a kasuwa, babu wanda bai ji yadda ganye ya kunyata likita ba. Salma takan jiyo shi ta yi dariya a ranta, a ganinta wasa ne da ba ya cutar da kowa.

Sai ranar da Inna Laraba, matar Malam Ramalan, ta shigo gidan.

"'Yata, aminin babanku ya ce shi ma ya bar ƙwaya. Gaya min duk abin da kike sa wa babanku a shayi, kar in yi kuskure."

Salma ta lissafa mata zogale da tafarnuwa da citta da ɗan zuma. Abu ɗaya ta bari. Ya zo mata har baki, amma ga Baba zaune a tsakar gida yana gyaɗa kai kamar malami na sauraron hadda. Ta haɗiye. Har ganye ta tsinko wa Inna Laraba daga bishiyar gidansu.

"Salma!" Kiran Baba ya katse mata tunani. "Juye shayin nan a filas, ki ɗauko mayafinki. Ramalan ya fi ni buƙatarsa."

Kafin ta fito ta laɓe a ɗaki ta kira Muntari a waya ta gaya masa. Ya ce, "Kar ki ce komai. In ya sani, ba zai ƙara cin abin hannunki ba, kuma maganin ya ƙare ke nan."

A motar Rano filas ɗin yana kan cinyarta, zuciyarta tana ta cin ta. Ta yi ƙoƙarin ɗora laifin a kan Muntari, ta gwada ɗora shi a kan taurin kan Baba, ya ƙi zama. Ita aka tambaya, ita ta ba da amsa.

Malam Ramalan yana kwance, bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Inna Laraba tana zaune a tabarma gefen gado. Ta ce likita ya yi faɗa, wai jinin ne ya hau sosai saboda an bar shan magani.

"Haka za su ce mana," in ji Baba. "Gubar da ya daɗe yana haɗiya ce take fita. Laraba, kar ki bari su ƙara ɗura masa. Mu mayar da shi gida mu ci gaba da namu. Ba ga ni ba?" Ya bugi ƙirjinsa.

Inna Laraba ta dube shi, dattijo garau da ƙarfinsa, ta dubi mijinta. Ta miƙe ta fara naɗe tabarmar.

"Zuba masa, Salma," in ji Baba.

Salma ta buɗe filas ɗin, warin tafarnuwa ya tashi. Ta mayar da murfin ta rufe, ta durƙusa a gaban surukinta.

"Baba, ka gafarce ni. Akwai ƙwaya a ciki."

"Wace ƙwaya?"

"Ta asibiti, ta hawan jini. Kullum da safe nake niƙa maka ita."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ciwon kan ya bar ka."

Baba ya dubi filas ɗin. Ya dubi amininsa da ya yi ta bi har gona yana yi masa huɗuba. Ya laluba bayansa ya zauna a kan benci, tsufansa ya fito a fili.

Nas ta shigo da magani a ƙaramin faranti. Baba ya janye ƙafafunsa ya ba ta hanya.

Inna Laraba ta sake shimfiɗa tabarmar a hankali, ta gyara gefenta da tafin hannu. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma kalli Salma ba.

"Na fa tambaye ki, 'yata," ta ce.