Kafinta da Injin da Ya Ƙi Nutsewa

Kafinta da ƙaninsa Dogo sun yi shekara da shekaru suna aiki a rumfa ɗaya. Kafinta ne babba, gajere ne kakkaura, kansa ya yi fari har ba a gane inda furfura ta tsaya garin katako ya fara. Dogo kuwa sunansa ya bi shi, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar rumfar.

Wata sabuwar makaranta ce ta ba su aikin ƙofofi, na azuzuwa da na ofisoshi gaba ɗaya. Kowace ƙofa ana so a zana mata kwarmi na ado a tsakiyar fuskarta, wanda ba ya taɓa baki ta ko'ina. Suna da tsohuwar rauta, injin nan mai juya ɗan haƙorin ƙarfe yana ƙwaƙule katako, amma irin mai tsayayyen gindi ce. Haƙorinta kullum a waje yake, sai dai a shigo da ita ta bakin katako. Aikin tsakiya kuwa sai rauta mai nutso, wadda ake ɗorawa daram a kan katako, a danna ta da hannu biyu haƙorin ya nutse daidai inda ake so, in an sake ta sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke cikinta, ya ɗago ta.

"Yaya, gobe mu je mu zaɓo mai nutson," in ji Dogo yana kakkaɓe wandonsa. "Amma mu yi magana tun yanzu. Injin nan ƙarfin hannu yake so. In ka ga ya fi ƙarfinka, ni zan riƙe shi. Kai ka zauna a bakin rumfa kana karɓar masu kawo aiki. Ai ka yi mai wuyar."

"Ni na koya maka riƙe zarto," Kafinta ya ce, "yau kai ne za ka zaunar da ni?"

Dariya suka yi su duka, amma ta Kafinta ba ta kai ciki ba. Tun bara kafaɗarsa ta dama take yi masa ciwo, musamman in ya ɗaga hannu sama, kuma bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Ya ga abin da zaman bakin rumfa ya yi wa sa'o'insa. Mutum yana zama, sai gyangyaɗi, sai a fara gaishe shi da babbar murya kamar kurma. Shi kuwa in bai ji ƙamshin sabon yankan katako a yatsunsa ba, abinci ma ba ya yi masa daɗi.

Washegari da hantsi suka isa shagon kayan aiki. Mai shagon wata mata ce mai fara'a, ta san su tun tuni. Ta jero musu rauta uku a kan kantar shagon, ƙarama da matsakaiciya da wata ƙatuwa mai kama da tulu.

"Baba, ga su nan," ta ce. "Kada ku duba kyan fenti. Ku kama hannuwan, ku ji ko sun zauna a tafinku. Ku danna, ku ji ko tana sauka sumul ko tana cijewa a hanya. Sannan ku duba ɗan makullin nan na baya, wanda yake tsayar da ita a zurfin da kuke so. In babban yatsa bai kai gare shi ba sai an saki hannu, ku bar ta, ko kyauta aka ba ku."

Dogo bai ko kalli ƙananan ba. Ya kama ƙatuwar ya danna, ta sauka, ya saki, ta tashi. Ya yi ta yi kamar mai ba taya iska, yana washe baki.

"Wannan ita ce injin maza! Yaya, taɓa ka ji."

Kafinta ya matso. Kantar ta kai masa ƙirji, ga kuma tsayin injin a kai, don haka hannuwan rautar suka zo masa daidai haɓa. Ya ɗaga hannu ya kama, ya danna. Wani zugi ya tsarga masa daga kafaɗa har gwiwar hannu. Injin ya ɗan motsa kamar zai yi biyayya, sai ya koma inda yake.

"Wannan sifirin ɗinta ya yi tsauri," ya ce yana gyaran murya. "Sabon abu ke nan."

Ya koma kan matsakaiciyar. Ta sauka rabi ta tsaya. Ya gwada ƙaramar, wadda ko yarinya za ta danna, ita ma sai da ya cije leɓe, kuma ta sauka a karkace, gefen hagu ya riga na dama. Kafinta ya san abin da wannan ke nufi. Injin da ya nutse a karkace ɓata ƙofa zai yi, kuma ƙofar da aka ɓata fuskarta ba ta gyaruwa.

Dogo ya shiga karanta rubutun jikin wani gwangwanin fenti kamar bai taɓa ganin rubutu ba. Mai shago kuma ta kama goge kantar da ba ta da ƙura. Wannan kawaicin nasu ya fi yi wa Kafinta ciwo a kan kafaɗar.

"To," ya ce a hankali, "ka ɗauki wadda ta yi maka, Dogo. Tunda kai za ka riƙe."

Don kada a ga fuskarsa, sai ya nemi abin yi. Ya ɗauki matsakaiciyar ya ce bari ya mayar da ita kwalinta. Mai shago ta nuna masa bayan ƙofa, inda kwalin yake a ƙasa kusa da wani akwatin katako na ƙusoshi, wanda tsayinsa bai wuce cinyarsa ba. Ya ɗora injin a kan akwatin, ya sunkuya ya buɗe kwali. Da zai miƙe, sai ya dafa hannuwan rautar don ya sami abin tokarawa, kamar yadda tsoho ke dafa duk abin da ya samu kusa.

Rautar ta sauka sumul har ƙasa, saura kaɗan ya kife a kanta.

"Subhanallahi! Yaya, lafiya?" Dogo ya yar da gwangwanin ya taho.

Kafinta ya saki, injin ya tashi. Ya gyara tsayuwa, ya miƙe hannuwansa zar, ya ɗan rusuna da ƙirjinsa a kai. Ta sake sauka, a miƙe kuwa, ba karkata ba cijewa. Kafaɗar ko uhum ba ta ce ba, domin ba ita ta yi aikin ba, nauyin jikinsa ne ya yi. Ya kai babban yatsa kan makullin, ya same shi nan kusa kamar an auna da hannunsa.

Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa daga ciki har da hawaye.

"Dogo, zo nan. Teburin aikinmu na rumfa, ina yake kai mini?"

Dogo ya yi tunani. "Ƙugu. Ai kai ka yanke masa ƙafafu tun ina yaro, shi ya sa bayana yake ciwo har yau."

"To wannan kantar fa?"

Dogo ya dubi kantar, ya dubi yayansa daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauke shi lokaci ba. Shi ma ya fashe da dariya. Shi da ya danna ƙatuwar a kan kantar, a wajen ƙugunsa take, nauyinsa ya sakar mata. Yayansa kuwa rataya ya yi ta yi a jikin injin, kamar mai son ciro kaya daga kan kabad.

"Shekara nawa kuna aikin katako," in ji mai shago tana riƙe da ciki, "ba wanda ya tuna ba a kan kanta ake aiki ba? Ni ma da laifina. Daga yau akwatin nan ya zama wurin gwaji."

Aka sauko da sauran biyun, aka sake gwaji daga farko, wannan karon a tsanake. Ƙaramar ta yi daɗin hannu, amma mai shago ta gaya musu gaskiya cewa katakon ƙofa mai tauri zai wahalar da ita, za ta yi zafi ta riƙa ƙona bakin kwarmin. Ƙatuwar ta nutse masa ita ma, sai dai da ya ɗaga ta zai mayar gefe, kafaɗar ta tuna masa tana nan. Aikin ƙofa kuwa ɗagawa da ajiyewa ne wuni guda.

"Wannan ba tawa ba ce," ya ce, ya ajiye ta. Sannan ya ƙara, "Kafaɗar nan tawa ba ta son ɗaukar nauyi yanzu."

"Na sani," in ji Dogo. "Matarka ta gaya wa tawa tun bara."

"Au! Shi ne ka yi gum da bakinka?"

"Kai ma ai gum ka yi. A wajenka na koya."

Matsakaiciyar suka ɗauka. Dogo ya yi wa ƙatuwar kallon ban kwana, ya shafa kanta kamar wanda zai rabu da doki, sannan ya rungumi kwalin suka fito.

Ba su jira gobe ba. Suna isa rumfa Dogo ya ɗauko ƙofa ɗaya ya kwantar a kan tebur, ya ɗaure ta tam, ya kafa katakon da injin zai bi don layi ya miƙe. Kafinta ya sa wa injin haƙori ya ɗaure, ya daidaita zurfin ya bar shi kaɗan, domin kwarmi a hankali ake cin sa, ba a zuwa ɗaya ba. Ya fara gwadawa a kan wani guntun katako, ya duba, ya ƙara gyarawa. Sannan ya ɗora injin a tsakiyar ƙofar, ya kunna, ya yi bisimilla, ya rusuna a kai.

Haƙorin ya nutse, garin katako ya tashi, injin ya bi layi yana gurnani har kusurwa. Da ya kewayo inda ya fara, sai ya saki makulli, rautar ta ɗago kanta. Ya kashe ta, ya hure ƙurar, ya bi kwarmin da ɗan yatsa tun daga farko har ƙarshe. Babu inda yatsan ya yi tuntuɓe.

Dogo ya sunkuyo ya duba, ya daɗe yana neman abin kushewa bai samu ba.

"To, Yaya, ni kuma mene ne aikina yanzu?"

"Ɗauke wannan ka kawo wata," in ji Kafinta, yana gyara tsayuwa. "Kuma ka yi sauri, injin bai gaji ba."