Rakiyar Lal Din

Bapu, mahaifina, yana ɗan shekara goma sha bakwai ya bar gonar shinkafar ubansa ya tafi Jammu ya shiga soja. Sunansa Chattar Singh Lalotra. A ƙauyenmu na kusa da Bishnah da wuya ka sami gidan da babu mai kaki, don haka ba wanda ya yi mamaki. Inda aka kai shi ne ya ɓata wa kakata rai: rundunar igwar dutse, masu kwance igwa gunduwa-gunduwa su ɗora wa alfadarai su hau tsauni da ita. Ta ce ita soja ta haifa, ga shi an mai da mata shi makiyayin jaki.

A can ya haɗu da Lal Din, wani Musulmi ɗan ƙauyen da ke ƙetaren rafinmu. Tare suka fara da kwasar kashin dabbobi. Bapu yana da kan lissafi, ya yi ta hawa har ya zama Jamadar, hafsa mai igwa biyu a hannunsa. Lal Din kuwa ya ƙi barin alfadaransa, ya ce gara taurin kansu da na mutane. A gaban jama'a "Yallaɓai" yake ce wa Bapu. In suka keɓe, sai ka ji, "Kai Chattru, miƙo tabar nan."

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Sudan, daga nan sai duwatsun Keren, inda sojojin Italiya suka kama kowane ƙololo. Rana kamar ta narka mutum, ruwan sha kuma sai an auna. Wata rana sojojin ƙasa na ɓangarenmu suka maƙale a gindin wani dutse, bindiga mai ruwan harsashi tana ta cin su daga wani kogo da manyan igwa na ƙasa suka kasa samu. Baturen da ke shugabantar su Bapu ya ji rauni tun da safe. Bapu ya duba ya ga wani tudu da ke fuskantar kogon daidai, ya ce a hau da igwa ɗaya.

Suna tsakiyar hawa alfadarar da ke ɗauke da bututun igwar ta ga ramin da ke gefenta, ta kafe. Lal Din ya kwance rawaninsa ya ɗaure mata ido, ya sa bakinsa a kunnenta, yana lallashi yana zagin kakanninta, har ta taka. Suka haɗa igwar, harsasai na wuce su, Bapu da kansa ya yi saiti, kogon ya yi tsit. Kafin su kwance ta, wani bam ya faɗo kusa da su. Ya kurmantar da kunnen Bapu na hagu, ya farke cinyar Lal Din. A baya Bapu ya goyo shi har ƙasa.

Aka maƙala wa Bapu lambar jarumta, aka ƙara masa girma zuwa Subedar. Lal Din aka sallame shi da ɗingishi. In aka tambayi Bapu labarin, cewa yake, "Ni dai na ce a hau. Alfadara ta hau, aka ba ni ƙarfe." Innarmu ita ta fi kowa cin ribar yaƙin, don in za ta yi masa faɗa ta hagunsa take tsayawa, ta amayar da duk abin da ke cikinta, yana gyaɗa kai yana murmushi.

Ina da wayo sosai shekarar da aka raba ƙasarmu gida biyu, Musulmi suka sami nasu ɓangaren, mu da ba Musulmi ba muka sami namu. Bayan damina 'yan gudun hijira suka cika ƙauyenmu daga wajen Sialkot da ya faɗa ɓangaren Musulmi, wasu ba 'ya'ya, wasu ba iyaye. Sai zukata suka ɓaci, aka fara ganin hayaƙi a ƙauyukan Musulmi. Bapu yana gida hutu. Wata safiya ya ce a fito masa da kakinsa.

Innarmu, wadda ba ta kiran sunansa sai dai ta laƙaba masa nawa, ta ce, "Uban Kamlo, ina zuwa? Hutunka bai ƙare ba."

"Ƙetaren rafi."

"Kai kaɗai? Ka ga idon mutanen nan kuwa?"

"Me kika ce?"

"Ta dama na tsaya, kada ka raina mini hankali!"

Ta goge masa lambar da toka. Ta ƙulla gurasar masara da ɗanyen sukari a tsumma, ta ce na yaran Lal Din ne, kada ya kuskura ya taɓa.

Ya ɗaura shanunmu a amalanke ya tafi. Ya tarar da Lal Din zaune a ƙofar gida da gatari a cinya.

"Chattru, ka zo kallo ne?"

"Tashi ka kwaso iyalinka, gurgun banza. Umarni ne."

"An sallame ni, ba ka da iko da ni."

"To zan sake goyonka, kowa ya gani."

Ba iyalin Lal Din kaɗai suka biyo shi ba. Maƙwabta suka fito da tsofaffinsu da ƙullin kayansu, ayari ya yi tsawo, Bapu yana gaba a ƙasa, ko sanda bai riƙe ba. A bakin gada suka tarar da mutane da takubba, yawancinsu 'yan ƙauyenmu. Girdhari ne a gaba, wanda aka kashe masa ƙanwa da 'ya'yanta a wancan ɓangaren.

Ya ce, "Yaya Chattar, kauce. Ba da kai muke ba."

Bapu ya ce, "Girdhari, na je maka gaisuwa, na yi kuka tare da kai. Amma waɗannan ba su suka yi ba. Wanda ke kan amalanken can, jininsa ya jiƙa mini riga a Keren. In za ka sare shi, fara ta nan." Ya buga ƙirjinsa. Sannan ya shiga kiran samarin da ke bayan Girdhari ɗaya bayan ɗaya da sunayen iyayensu, da muryar nan da ya saba ba masu igwa umarni, yana tambayar kowa ko uwarsa ta san inda yake. Suka fara sunkuyar da kai. Ya kama igiyar shanu ya ja, aka dare masa.

A Suchetgarh, bakin iyakar ɓangaren Musulmi, suka rabu. Bapu bai taɓa gaya mana abin da suka ce wa juna ba. Da la'asar ya dawo da amalanke wayam, ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Ba mu sake jin labarin Lal Din ba.

Ƙauye ya juya mana baya. Aka daina miƙa wa Bapu tukunyar taba a dandali, mata suka daina gaida Innarmu a rijiya. Shi ya koma bakin aiki, ya yi shekaru, ya yi ritaya da muƙamin Kyaftin. A hankali aka ci gaba da gaisawa, ban da Girdhari, wanda in ya hango Bapu sai ya sake hanya.

Ana nan, ran nan sai ga Girdhari a ƙofarmu da ɗansa, dogon saurayi mai son shiga soja. Uban ya tsaya yana murza bakin rawani. Innarmu ta leƙo ta ce madararmu ta ƙare, ba shayi.

Bapu ya ce, "Uwar Kamlo, ɗazu na ga kin tatsa." Ya dubi saurayin sama da ƙasa. "Kana tsoron ƙara?"

"A'a, Baffa."

"Ƙarya kake, kowa na tsoro. Zauna, Girdhari, ka tsaya mini a ka kamar mai gadi."

Suka sha shayin, wanda Innarmu ta ƙi sa wa sukari. Washegari Bapu ya sa kakinsa, ya kai yaron Jammu da kansa.